Yayana ne kansilan ayyuka, ya ce in kawo takardun kamfanina

Sani Birkila: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don abin nan ya hana ni barci tun shekaranjiya. Waɗanda suka san ni sun san shekarata goma sha bakwai ina aikin gini a garin nan na Jos, daga Rikkos har Bukuru babu inda ban aza bulo ba, kuma ina da ɗan kamfanina mai rajista tun kafin wani a gidanmu ya yi mafarkin siyasa. To yanzu Allah ya ba yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, muƙamin kansila mai gafaka na ayyuka a wata ƙaramar hukuma. Ba zan faɗi wacce ba, kada ma a tambaye ni. Ran Talata bayan isha'i ya kira ni gida, ya ce akwai kwalbati biyu da za a yi kafin damina ta sauka, in kawo takarduna. Ya ce da ya ba wanda zai zuba yashi ya kira shi siminti, gara ni da ya san hannuna. Kuma wallahi na san zan yi aikin da ruwan Agusta ba zai taɓa shi ba. Amma da na gaya wa maiɗakina sai ta yi shiru, can ta ce, "Ranar da aka zo bincike sunan wa za a gani a takarda?" Tambayata biyu ce: doka ta yarda? Kuma kuɗin halal ne?

Ɗan Gangare: Oga Sani, kai ma dai! Kowa ya samu rana sai shanya. Wanda ya sauka daga kujerar nan baƙo ya ba? Je ka karɓi aikinka, ka tuna da mu a wajen lebura.

Maman Hanifa: Ni ban ga laifi ba tunda sana'arsa ce. Da a ce tela ne aka ba shi kwalbati, to da sai mu yi magana.

Barista: Wa alaikumus salam Malam Sani. Bari in amsa ta farkon, ta biyun ta malamai ce.

A kundin tsarin mulkin 1999 akwai Jadawali na Biyar, inda aka zayyana ƙa'idojin ɗa'a na masu riƙe da muƙaman gwamnati. Mutane na ɗauka na gwamnoni da ministoci ne kawai, alhali a jerin waɗanda abin ya hau kansu an ambaci shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli da ma'aikatanta ƙarara. Sakin layi na farko ya ce kada ma'aikaci ya sa kansa a inda maslahar kansa za ta yi karo da aikin da aka damƙa masa. A lura da kyau, ba a ce sai ya saci kuɗi ba. Shiga wannan halin kaɗai ya isa laifi.

Sannan dokar ICPC, wato hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa, ta shekarar 2000, sashe na 19, ta ce jami'in da ya yi amfani da ofishinsa ya ba kansa ko ɗan'uwansa ko abokin hulɗarsa wata alfarma da ba ta dace ba, hukuncinsa ɗaurin shekara 5 ne, babu zaɓin tara. Sashe na 12 kuma ya tanadi shekara 7 ga ma'aikacin da aka samu yana da kaso, a fili ko ta bayan gida, a kwangilar da ta fito daga ofishinsa.

Babu dokar da ta ce ƙanin kansila ya daina sana'a. Matsalar tana wurin da ka faɗa da bakinka: shi ya kira ka gida da daddare ya ce kawo takardu. Ba a tallata aikin ba, ba a gwada farashinka da na kowa ba. Wuyan yayanka ne a cikin igiya kafin naka.

Ɗan Gangare: Barista, da girmamawa, kansila nawa ka taɓa jin an ɗaure a kan kwalbati? Dokar nan a takarda take kwance.

Barista: Ba ƙarya ka faɗa ba. Amma irin wannan fayil ba ya ruɓewa. Yana nan a kabad har ranar da yayan ya ɓata da wani babba, ko gwamnati ta canja hannu, sai ka ga an kaɗe masa ƙura. A 2019 alƙalin alƙalan ƙasar nan, Walter Onnoghen, gaban Kotun Ɗa'ar Ma'aikata aka kai shi a kan takardar bayyana kadarori, ya rasa kujerarsa, sai a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. Ko me mutum yake gani game da waccan shari'ar, ta nuna dokar da ake cewa tana barci takan farka idan an ga dama.

Baba Mai Fansho: Salamu alaikum. Sani ɗana, ni ba na yawan magana a nan, jikata ce ma take taya ni danna wayar. Amma shekara talatin da ɗaya na yi a sakatariyar ƙaramar hukuma, mafi yawansu tsakanin sashen ayyuka da baitulmali, don haka bari in gaya maka abin da zai biyo bayan "kawo takardunka".

Ƙa'ida ita ce a ga farashin kamfani fiye da ɗaya. To za a ce ka nemo takardun wasu kamfanoni biyu su raka naka, su rubuta kuɗi sama da naka, don a ce kai ka fi sauƙi. Na taɓa riƙe wani fayil a hannuna, kamfani uku, kowanne da tambarinsa mai kyau, amma duk ukun an yi kuskuren rubuta kalma ɗaya a layi ɗaya, kuma lambar wayar da ke ƙasan biyu daga ciki iri ɗaya ce. Na nuna wa shugaban sashenmu da yatsa. Ya cire tabarau, ya dube ni, ya ce, "Malam, yaranka nawa a makaranta?" Na mayar da fayil ɗin na rufe. Har yau abin yana ci mini rai, shi ya sa nake faɗa.

Amma ba ma wannan ne babban abin ba. Wa zai duba aikinka? Injiniyan sashen ayyuka ne zai je ya auna rodi, ya ga kaurin kankare, ya sa hannu a takardar kammala aiki kafin a rubuta bauca. Injiniyan nan a ƙarƙashin wa yake? Yayanka. Ka ce kai mai gaskiya ne, na yarda. To a ce siminti ya tashi a tsakiyar aiki, kamar yadda yake yi mana kullum, kuɗi suka gaza, ka rage buhu goma. Yaron nan zai iya buɗe baki ya ce ƙanin oga ya fasa ya sake? Ba zai iya ba. Daga ranar da ka karɓi aikin babu sauran mai duba ka sai Allah, alhali an ajiye injiniyan ne ana biyansa albashi don kada a dogara da halin ɗan kwangila.

Maman Hanifa: Baba, Allah ya ƙara girma. Ban kalli abin ta nan ba gaskiya.

Injiniya Pam: Baba ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ni ba a ƙaramar hukuma nake ba, amma abokan karatuna suna can. In aikin baƙo ne, ka ce a fasa, a fasa. In na ɗan gida ne, ka ce a fasa, sati mai zuwa takardar canjin wurin aiki ta same ka, sai wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina.

Alhaji Na Dilimi: Ni fa ina da ja. Ku mutanen boko kuna magana kamar a Ingila muke. Ku je ƙaramar hukumar karkara ku gani, magina na kirki ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kowa ɗan'uwan kowa ne, in ba ta jini ba ta aure. In aka ce dangin ciyaman da na kansiloli da na daraktoci duk su janye, wa ya rage? Sai a ɗauko ɗan kwangila daga Abuja wanda bai san inda ruwa yake bi ba, ya yi aikin banza ya tafi, ba ka da inda za ka gan shi. Shi kuwa Sani in kwalbatin ta rufta, har gida za a bi shi, a masallaci ma ba zai sake ba. Wannan kunyar ta fi injiniya goma.

Na biyu, mutum ya sha wahala da ɗan'uwansa, ya yi masa yawon kamfe, ya ci ƙura, Allah ya ɗaga shi, sai a ce kowa ya amfana ban da na gida? Wane irin zumunci ke nan?

Barista: Alhaji, maganarka ta farko tana da nauyi, kuma ba a rasa mata hanya ba. Inda dangantaka ba ta kaucuwa, abin da ake yi shi ne mai muƙamin ya rubuta a takarda cewa wane ɗan'uwana ne, ya fita daga zaman da za a yanke, a liƙa tallar aikin a allon sakatariya kowa ya gani, a buɗe farashi a gaban masu nema, wani dabam ya duba aikin. In Sani ya ci a haka, ya ci.

Ta biyun ce ban karɓa ba. Ladan kamfe ba daga asusun jama'a ake biyansa ba. In yayan yana son saka wa ƙaninsa, ga albashinsa nan.

Baba Mai Fansho: Barista, fita daga ɗakin taro na gani da idona. Mutum ya fita ya tsaya a baranda yana waya, waɗanda ke ciki suna hango shi ta taga. Na fi yarda da a ce Sani ya nemi aiki a sauran ƙananan hukumomin. Goma sha bakwai ne a Filato, an hana shi ɗaya, saura goma sha shida.

Mama Ladi: Sannunku da hira. Ni ban san kwangila ba, tumatir da kabeji nake sayarwa, amma bari in faɗi nawa. Tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 kun san rumfa ta zama zinariya a garin nan. A kasuwar da nake, shekarun baya aka gina sababbin rumfuna, aka ce mu da muke zaune a ƙasa mu za a fara ba. Muka sayi fom, muka kai hoto, ina da rasit ɗina har yanzu a cikin Littafi Mai Tsarki na ajiye shi. Ranar da aka liƙa sunaye, layin gaba gaba ɗaya, mai kallon titi, babu mai sayar da ko barkono a ciki. Matar wane, ƙanwar wane, har da yaron da yake firamare. Bayan wata biyu suka dawo suna ba mu haya, ninki uku na abin da suke biyan hukuma. Kuma in ka tambaya sai a ce ai ba a saci ko kwabo ba, kowa ya biya kuɗin rumfarsa. Haka ne, ba a sata ba. Amma ni har yau a ƙarƙashin lema nake.

Sani, ɗan'uwana, akwai wani magini a wani wuri da bai san ma za a yi kwalbatin nan ba. Shi ne ni.

Malam Na Anguwar Rogo: Mama Ladi ta gama magana, sai dai in ƙara da abin da Malam Sani ya tambaya na halal. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓo zakka. Da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Ma'aunin ke nan. Malam Sani, tambayi kanka: da yayanka bai hau kujerar nan ba, da an kira ka cikin dare an ce kawo takardu? In amsar a'a ce, to kujerar ce ta kira ka, kujerar kuwa amanar jama'a ce, ba gadon gidanku ba. Guminka halal ne, ƙofar da za ka shiga ce take da matsala. Shehu Usmanu ma cikin abubuwan da ya soki sarakunan Hausa da su akwai karɓar gaisuwa.

Alhaji Na Dilimi: Allah gafarta Malam, to Annabi Musa fa? Ba ɗan'uwansa Haruna ya roƙa a ba shi mataimaki ba?

Malam Na Anguwar Rogo: Alhaji, ya roƙa a ba shi wanda zai taya shi tunkarar Fir'auna. In aikin da ake rabawa irin wannan ne, na tabbata babu wanda zai yi ƙorafi don an ba ɗan'uwa.

Mama Ladi: Malam ka ba ni dariya. Mu ma a wurinmu, da masu karɓar haraji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma suka ce me za mu yi, cewa ya yi kada ku karɓi fiye da abin da aka umarce ku.

Ɗan Gangare: Duk na ji. Amma ku tsaya, a kan kwalbati biyu ake wannan dogon wa'azi? Kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin ɗari. Shekara da shekaru kuɗin suna bi ta asusun haɗin gwiwa, gwamnoni suna yadda suka ga dama, su naɗa kantomomi su sauke. Ran 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kantoma ba ya bisa doka, amma aiwatarwa sai jan ƙafa ake. Ku bar ƙananan kifaye ku kama manya mana. Ko don su talakawa ne?

Kwamared: Ɗan Gangare ya faɗi gaskiya, kuma duk jam'iyyar su wane ce ta jawo mana wannan, tun lokacin da

Mai Kula da Zaure: Kwamared, na goge sauran. Ƙa'idar zauren nan ba a kiran jam'iyya, ba a kiran ƙabila. Mu 'yan Jos ne, mun san inda irin wannan take kai mu. A koma kan tambayar Malam Sani.

Barista: Ɗan Gangare, ai hujjarka ni take taimaka wa. In kuɗin suka fara sauka kai tsaye, abin da zai riƙa ratsa teburin ciyaman da kansiloli zai ninka. Wanda ya saba ba ƙaninsa kwalbati, ranar da aka kawo titi wa zai ba? Kuma ka duba ayyukan da Jadawali na Huɗu ya ba ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara. Duk abin da talaka yake taɓawa da hannunsa kullum ne. Mama Ladi ba gwamna ne ya hana ta rumfa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar bayyana kadarori. Doka ta ce kowane jami'i ya cike ta da zarar ya kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da ranar da zai sauka, har da dukiyar 'ya'yansa marasa aure da ba su kai 18 ba. Amma tana shiga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata sai a kulle, ni da kai ba ma gani. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya buga tasa a fili a 2007, don ra'ayin kansa. Su waye suka san gidajen da kansila ya mallaka kafin ya hau in ba mutanen unguwarsu ba? Su ne kuma ba a nuna wa.

Maman Hanifa: To Barista, mu da ba lauyoyi ba, in mun ga irin na Mama Ladi ina za mu kai?

Barista: Ƙorafi a rubuce zuwa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ko ICPC, da kwafin duk takardar da ke hannu. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ofis kwana 7 ya amsa in an nemi takarda. Ku rubuta a ƙungiyance, kada mutum ɗaya ya sa kansa a gaba. Kotun ɗa'a tana iya sauke mutum, ta hana shi muƙami har shekara 10, ta ƙwace abin da ya tara ta wannan hanyar.

Baba Mai Fansho: Ku kuma tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. In ba haka ba takardar ba ta taɓa zuwa ba.

Sani Birkila: Jama'a na gode, Allah ya saka. Kwana huɗu ban leƙo ba, ga abin da ya faru. Na je na sami Yaya ran Juma'a bayan an sauko, na ce ya yi haƙuri ba zan kawo takardun ba, na faɗa masa maganar injiniya da Baba ya yi. Bai ce komai ba sai da ya gama shan shayinsa, sannan ya ce, "Wato ni ne ɓarawo, kai ne waliyyi." Na rantse masa ba haka nake nufi ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Kafin in isa gida har ya kira Hajiyarmu, ita kuma ta ce na kunyata ɗan'uwana, yana jawo ni ina noƙewa kamar ba ciki ɗaya muka fito ba.

To yau da safe sai ga waya daga wani ɗan kwangila da ban taɓa aiki da shi ba. Ya ce shi aka ba kwalbatin, sunan kamfaninsa ne a takarda, amma an ce masa ya neme ni in yi aikin gaba ɗaya, shi zai cire kasonsa ya miƙo mini sauran. Sunana ba zai fito ko'ina ba. Wannan fa?

Ɗan Gangare: Ka ga Yaya ya iya aiki! An gudu ba a tsira ba.

Barista: Malam Sani, waɗanda suka rubuta jadawalin nan 'yan ƙasar nan ne, sun san halinmu. Sakin layi na 13 ya ce jami'in da ya aikata abin da aka hana ta hannun wakili ko wani da ya tsaya a madadinsa, kamar shi ya aikata da kansa. Wannan ta ma fi ta farkon muni, don yanzu akwai ɓoyewa a ciki, ga kuma mutum na uku da ya san sirrin yayanka. Tambayi mutumin wa ya ba shi lambarka.

Baba Mai Fansho: Kuma kason da zai cire, daga cikin siminti zai fito.

Sani Birkila: Na tambaye shi tun da safen. Dariya ya yi ya ce in daina wasa. Na ce masa ina da aikin wani bene a Tudun Wada da zai riƙe ni har bayan salla, ya nemi wani. Yanzu dai bari in je wurin Hajiya, sau biyu ke nan tana aiko yaro kirana, kuma an ce Yaya yana can zaune tun azahar.